Aes: Kalmar Rumawa da ta haɗa tagulla, kuɗi da bashi

A harshen Latin na Rumawan da, kalmar aes tana nufin jan ƙarfe, tana kuma nufin tagullar da ake samu idan an gauraya shi da kuza. Ba su damu da bambanta biyun ba. Kasancewar da wannan ƙarfe suka fara ciniki, sai kalmar ta ɗauki ma'ana ta biyu, wato kuɗi, kamar yadda Bahaushe ya ci gaba da cewa kuɗi, jam'in wuri, bayan an daɗe da daina ciniki da wuri.

Tun kafin a san tsabar kuɗi a tsakiyar Italiya, mutane na biyan bukatunsu da curin tagulla marar siffa, marar hatimi, wanda ake kira aes rude, ma'ana ɗanyen ƙarfe. Auna shi ake yi a sikeli duk lokacin da za a yi ciniki, domin darajarsa tana cikin nauyinsa. Wajen ƙarshen ƙarni na 4 da farkon na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka fara zuba narkakkiyar tagulla a yi faffaɗan sanduna masu nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, ɗauke da hoton sa ko giwa ko alade. Masana na kiran su aes signatum, ƙarfe mai alama.

Daga nan sai aes grave, ƙarfe mai nauyi: kewayayyun kuɗi na zubi. Babbansu, mai suna as, da farko nauyinsa ya kai laba ɗaya ta Rum, gram 320 da 'yan kai, kuma ana kasa shi kashi 12. Kuɗi ne da sai dai a yi dakonsa. Yaƙin da Rum ta gwabza da Hannibal daga shekara ta 218 zuwa 201 ya tatike baitulmali, aka yi ta rage nauyin as. Wajen shekara ta 211 aka fito da kuɗin azurfa, denarius, wanda ya yi daidai da as goma, kuma daga sunansa ne dinari ya samo asali.

Azurfa ta karɓe kasuwa, amma tsohuwar kalmar ta zauna daram a bakin hukuma da na alƙalai. Baitulmalin Rum, wanda ke cikin haikalin Saturn, aerarium ake ce masa. Bashi kuwa aes alienum, wato tagullar wani, suna mai tunatar da wanda ya ci bashi cewa abin da ke hannunsa ba nasa ba ne. Mafi ban sha'awa shi ne yadda ake mallaka wa mutum gona ko bawa ko dabbar noma: sai an tara shaidu biyar da mai riƙe sikeli, mai saye ya bugi sikelin da guntun tagulla ya miƙa wa mai sayarwa. Masanin shari'a Gaius ya bayyana wannan al'ada a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da aka yi ɗaruruwan shekaru ba a auna kuɗi.

Kalmar ta ma iso ƙasar Hausa, ta doguwar hanya. Tsibirin Kubrus ya shahara da ma'adinin jan ƙarfe, don haka Rumawa ke ce wa nasa aes Cyprium. Da tafiya ta yi nisa aka yar da aes ɗin, saura ya koma cuprum, inda aka samo alamar Cu ta ilimin sinadarai da kuma copper ta Ingilishi. Wannan ce Hausawa suka mayar kwabo, kuma ita ce kobo da Najeriya ta sa wa ƙaramin kuɗinta a 1973.