Binciken Zuciya Kafin Barci: Yadda Ya Iso Gidajenmu

A unguwar Damilu da ke Jimeta, da Jambutu da sauran unguwannin da ke kewaye, akwai gidajen Kirista masu yawa waɗanda asalinsu ba nan ba ne. Wasu Bachama ne, wasu Chamba, wasu Mumuye, Bata, Kilba, Margi, Higgi ko Lunguda. Aiki ko makaranta ko gudun hijira ne ya kawo mu birni. Da yawa daga cikinmu mun tashi mun tarar da iyayenmu ba su kwanciya sai an taru an yi addu'ar dare, kuma a tsakiyar addu'ar akan yi shiru na ɗan lokaci domin kowa ya tuna yadda ya yi wunin. Wannan shirun shi ne binciken zuciya. Yau za mu bi sawunsa mu ga inda ya fito, domin a gidajen birni ya fara ɓacewa.

Tushensa yana cikin Littafi Mai Tsarki. Zabura ta 4 tana koya wa mutum ya yi tunani a zuciyarsa sa'ad da yake kan gadonsa. Makoki sura 3 aya 40 tana kiran jama'a su gwada hanyoyinsu su komo wurin Ubangiji. Manzo Bulus kuma, a 1 Korintiyawa 11:28, ya umarci kowa ya auna kansa kafin ya matso ga teburin Ubangiji. Cikin waɗanda suka mai da wannan aikin kowace rana kuwa, akwai mutanen Afirka. Waliyi Antoni, wanda ya rasu a shekara ta 356, ya bar dukiyarsa ya zauna a hamadar Masar. Bishop Atanasiyus na Iskandariya, da ya rubuta tarihinsa, ya ce Antoni yakan shawarci almajiransa su rubuta ayyukansu da tunaninsu kamar za su nuna wa ɗan'uwa, domin kunyar a gani ta hana su maimaita zunubin.

Wanda ya fi shafarmu a nan Adamawa shi ne Waliyi Agustin. An haife shi a 354 a garin Tagaste, a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya. Mahaifiyarsa Monika ta yi shekaru tana yi masa addu'a da hawaye kafin ya karɓi baftisma a 387 a birnin Milan, ta hannun Bishop Ambros. Bayan ya zama Bishop na Hippo ya rubuta littafin da Turawa ke kira Confessions, wato furci, inda ya buɗe rayuwarsa gaban Allah tun daga ƙuruciya. Akwai wani labari a ciki da ya kamata kowane mai binciken zuciya ya sani. Yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka shiga gonar wani da dare suka kakkaɓe 'ya'yan itace. Ba yunwa suke ji ba, a gidansu ma akwai waɗanda suka fi waɗannan kyau, yawancinsu aladu suka zuba wa. Wani zai ce ai wannan ƙiriniyar yara ce. Agustin kuwa ya tsaya a kanta yana tambayar kansa dalili, har ya gano cewa daɗin yin abin da aka hana ne ya ja shi, kuma da shi kaɗai ne da bai yi ba. Ku lura, bai tsaya ga lissafin laifi ba, saiwar laifin ya haƙa. Wannan ne bambancin wanda yake girma cikin bangaskiya da wanda yake kai zunubi iri ɗaya wurin Fada shekara goma.

Bayan fiye da shekara dubu, Waliyi Ignatiyus na Loyola ya tsara abin yadda kowa zai iya yi. Soja ne ɗan ƙasar Sifen, harsashin igwa ya karya masa ƙafa a Pamplona a 1521, a kan gadon jinya ya juyo wurin Allah. A littafinsa na horon ruhu, wanda Paparoma Paul na Uku ya amince da shi a 1548, ya ce a fara da godiya saboda alheran da aka karɓa. Sai a roƙi haske domin a ga kai yadda ake, sannan a bi wunin sa'a bayan sa'a, tunani da magana da aiki, a nemi gafara, a ƙudurta gyara da taimakon Allah, a rufe da addu'ar Ubanmu. A ganinmu hikimarsa tana cikin abin da ya sa a farko. Mutumin da ya fara da godiya ba zai mai da binciken zuciya kotu ba, inda shi ne mai laifi kuma shi ne alƙali mara tausayi. Ya kuma ba da wata dabara ga wanda hali guda ya fi ƙarfinsa, kamar fushi ko tsegumi: ya zaɓi wannan halin kaɗai, ya riƙa ɗiga alama a takarda da rana da kuma dare, ya gwada yau da jiya, wannan mako da wancan. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba baƙi ba ne ga irin wannan. Malamansu suna kiransa muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi.

To, yaya ya iso bakin Binuwai? Bishara ta riga ta shigo ta hannun Dokta Niels Brønnum na mishan ɗin Danmak, wanda ya sauka Numan a 1913, da 'yan mishan da suka buɗe Garkida a 1923. Na Katolika kuwa, Fadocin ƙungiyar Waliyi Agustin daga ƙasar Ailan suka iso Nijeriya a 1938, suka fara zama a Jos, a 1940 suka buɗe tashar mishan a Sugu, kusa da Ganye, cikin ƙasar Chamba. Ɗaya daga cikinsu, Fada Patrick Dalton, shi aka ba shugabancin yankin Yola da aka keɓe shi a 1950, ya kuma zama Bishop na farko da aka ɗaga yankin ya zama Dayosis a 1962. Bayan rasuwarsa a 1969 Bishop Patrick Sheehan ya gaje shi a 1970, sai Bishop Christopher Abba a 1996. Ƙasar tana da faɗi ƙwarai, don har 1995 Jalingo ma ƙarƙashin Yola take.

Wannan faɗin ƙasa shi ne ya sa addu'ar gida ta zama ginshiƙi. Fadoci kaɗan ne, ƙauyuka kuwa ba iyaka, wasu a kan duwatsu, wasu a hayin kogi da damina ke yankewa. Ƙauye yakan yi watanni bai ga Misa ba. Wanda ya riƙe jama'a a tsakani shi ne katikis. Shi ke tara su safe da yamma, shi ke koya wa masu neman baftisma Dokoki Goma, shi ke nuna musu yadda za su auna kansu da dokokin kafin ranar da Fada zai zo jin furcin zunubi. Wanda zai jira wata uku kafin ya furta, dole ya koyi tsayawa gaban Allah kowane dare ya yi addu'ar tuba, in ba haka ba zuciya ta yi kanta. Yawancin waɗannan katikis ba a rubuta sunayensu a littattafan tarihi ba, amma a gidajenmu an san su.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta shafe mu kai tsaye. Misa da Latin ake yinta har Majalisar Vatican ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta buɗe ƙofa ga harsunan jama'a. Hausa ce ta haɗa kabilunmu a coci, tun da an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ita a 1932. Amma tsohuwar da ta haddace addu'o'i da Hausa, idan aka yi shirun nan, da harshen uwarta take gaya wa Allah abin da ta yi wa surukarta. Haka ya dace. Agustin kansa, da zai naɗa shugaba a Fussala da ke karkarar Hippo, sai da ya nemi wanda ya iya harshen Punik, don shi mutanen wurin ke ji, ba Latin ba. Iyaye a Damilu da 'ya'yansu suka fi sakewa da Hausa ko Turanci kada su ɗauka ƙofa ta rufe. A bar yaro ya yi binciken da harshen da yake tunani da shi, uwa kuma ta yi godiyar farko da ƙarfi da harshen gida, yaran su ji.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa binciken wata tambaya mai nauyi. A 2014 Boko Haram ta kama Madagali da Michika, a ƙarshen Oktoba ta shiga Mubi, mutane suka kwararo Yola da Jimeta, gidaje da yawa suka cika da 'yan'uwa da baƙi. Dubbai suka fake a harabar babban cocin Waliyiya Teresa da ke Jimeta. A Oktoba 2015 bam ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu, a Nuwamba wani ya tashi a wata kasuwa a Jimeta. Wanda ya rasa miji ko ɗa ko gona, idan ya zauna da dare, abin da zai tarar a zuciyarsa ya wuce ƙaramar ƙarya ko fushin kasuwa. Zai tarar da ƙiyayya, wani lokaci ga maƙwabcin da bai yi masa komai ba. Ikilisiya ba ta ce a yi kamar ba a ji ciwo ba. Ta ce a kira abin da sunansa gaban Allah, yau da gobe da jibi, ko da gafarar ba ta zo da wuri ba.

Bishop Stephen Dami Mamza, wanda ya hau kujerar Yola a 2011, ɗan Bazza ne, a yankin da aka kama. Dayosis ɗinsa ta ciyar da masu gudun hijira, Kirista da Musulmi, har shekaru. Waɗanda ba su iya komawa garuruwansu ba, an gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, aka buɗe su a 2021 tare da makaranta da coci. Da yake akwai iyalan Musulmi a cikinsu, Dayosis ta gina musu masallaci a wurin.