Sikizofireniya: cutar da ke raba mutum da zahiri

Sikizofireniya nau'i ce ta taɓin hankali mai tsanani, wadda ke rikita tunanin mutum da yadda yake fahimtar abin da ke kewaye da shi. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ne ya raɗa mata wannan suna a 1908. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, kimanin mutum miliyan 24 ke fama da ita, wato ɗaya cikin kowane 300.

Galibi takan bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai, kuma ta fi saurin bayyana ga maza. Alamomin da aka fi sani su ne jin muryoyin da babu mai yin su, da kafewa a kan zaton da hujja ba ta gusar da shi, kamar mutum ya haƙiƙance maƙwabta na ƙulla masa makirci, ko rediyo da shi yake magana.

Sai dai kafin waɗannan akwai masu shigowa a ɓoye. Saurayin da aka sani da fara'a sai ya ƙaurace wa majalisa, ya bar wanka, ya kasa riƙe shago ko karatu. A nan iyalai da dama ke asarar lokaci: da fari a ce lalaci ne, idan abin ya ta'azzara a ce iska ko sammu, wani ma a kai shi gidan mari. Jinkirin zuwa asibiti kuwa yakan sa jinyar ta ƙara wuya.

Gado na da hannu a cutar, haka ma rikicewar sinadaran ƙwaƙwalwa irin su dofamin. Yawan shan wiwi tun da ƙuruciya na ƙara haɗarin kamuwa.

Tun 1952, lokacin da likitoci a Faransa suka fara amfani da chlorpromazine, ake da magungunan da ke kwantar da alamomin. Yanzu har akwai allurar wata-wata ga wanda haɗiyar ƙwaya kullum ke yi wa wahala. Hukumar ta ce aƙalla ɗaya cikin uku na masu cutar kan rabu da alamomin gaba ɗaya. Babban tarkon shi ne daina magani da zarar an ga sauƙi, sau da yawa saboda kasala ko ƙibar da yake jawowa. Wannan kan dawo da ciwon, alhali likita na iya sauya maganin.

A Arewa ana duba masu wannan larura a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, sai kuma na Dawanau a Kano.