Rikicin gini: yadda ake zaɓen lauya a Tawa da Adar

Kusan kowane gari na Adar, daga Kalfu da Barmu har Afala da Takanamat, akwai gidajen da anka gina da kuɗɗin ƴan bida na Abijan, Libiya, Aljeriya ko Najeriya. Mai kuɗɗin yana nesa, ba ya ganin aiki sai a hoton WhatsApp. Nan ne rikici ke ɓullowa: magini ya karɓi kuɗɗi ya bar gini rabi, bango ya tsage tun damina ta farko, ko wani ya fito ya ce filin nashi ne. Ga abin da ya kamata a sani.

Ba kowace magana ke kai wa ga lauya ba

In rikicin na fili ne a ƙauye, wurin maigari ko sarki ake farawa, a yi sulhu, a rubuta takardar abin da anka shirya. Akwai kuma kwamitin filaye, wato Kofo, da dokar karkara ta 1993 ta tanada, mai ba da takardar shaidar mallaka. In sulhu ya ƙi, ko kuɗɗin na da yawa, sai a nemi lauya. Tawa na da babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara.

A tabbatar lauya ne na gaske

Bakin kotu akwai masu cewa "na san alƙali". Waɗannan dillalai ne. Lauya na gaske sunanshi na cikin jerin ƙungiyar lauyoyin Nijar, wadda ake kira Baro, mai cibiya a Yamai. Ku nemi ganin katinshi, ku san ofishinshi. Yawancin lauyoyi a Yamai suke, don haka a tambaya tun farko: shi zai zo Tawa ranar zama, ko wani zai aiko? Wa zai biya mota da masauki?

Tambayoyin da za a yi mashi

Ya taɓa riƙe shari'ar gini ko ta fili? Yana aiki da wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai zuwa ya ga ɓarna ya rubuta, da injiniyan da zai auna ta? Ya san dokar da ta ɗora wa ɗan kwangila alhakin shekara 10 in ginin da anka yanke wa farashi ya rushe saboda mugun aiki? Lauyan kirki takardu yake fara tambaya: kwantara, lissafin siminti da ƙarfe, rasit na aiken kuɗɗi, takardar fili, izinin gini na ma'aikatar magajin gari. Wanda ya ce "mun ci" tun bai duba komi ba, ku yi nesa da shi.

Maganar kuɗɗi

Ladan lauya ciniki ne, amma a rubuta shi: nawa ne, me ya ƙunsa, ko ɗaukaka ƙara na ciki. Duk abin da anka biya, a karɓi rasit. In saɓani ya shiga tsakaninku, shugaban lauyoyi, wato Batoniye, ake kai wa kuka. Marar hali kuwa ya tafi ofishin ANAJJ da ke babbar kotu. Hukuma ce da anka kafa a 2011 don agaza wa talaka da shawara, wani lokaci har da lauya.

Ga ƴan uwa na waje

Ku yi wa mutum guda takardar wakilci, a buga mata hatimi a ofishin jakadancin Nijar na inda kuke. Ku riƙa magana da lauya kai tsaye, kada komi ya bi ta bakin ɗan aike. Ku adana saƙonnin murya da rasit ɗin kowane aike.

Mafi sauƙi dai, a kai wa lauya kwantara ya duba tun ba a haƙa tushe ba, a raba biya kashi-kashi: tushe, linta, rufi. Kuɗɗin wannan dubawa bai kai na shari'a ba. Tun ran gini, tun ran zane.