TARIHIN KOSFILE: YADDA AKA FITO DA JARUMAN GEM DAGA CIKIN ALLO DA ALMAKASHI DA GAM

Yau ba saitin waya za mu taɓa ba, tarihi za mu ɗan yi. Da yawanku kun sha cin karo da bidiyo a TikTok ko YouTube na wani mutum sanye da sulke da kwalkwali, kamar yanzu ya fito daga cikin PUBG ko Call of Duty, har mutum ya ɗauka aikin kwamfuta ne. To galibi ba haka ba ne. Mutum ne ya zauna a ɗakinsa wata da watanni yana yanka yana mannawa. Wannan harka ita ake kira kosfile, wato ka yi shigar wani jarumi na gem ko fim ko katun, ka kuma kwaikwayi tsayuwarsa da motsinsa.

Abin ya girmi gem kansa. A shekarar 1939 aka yi babban taron farko na masoya labaran ƙagaggen kimiyya na duniya a birnin New York na Amurka. Mutum biyu suka zo wurin cikin shigar "mutanen nan gaba": Forrest J Ackerman da Myrtle R. Douglas, wadda aka fi sani da Morojo. An daɗe ana ambaton sunan Ackerman shi kaɗai idan ana ba da wannan labari, alhali matar ce ta tsara kayan kuma ta ɗinka su da hannunta, bisa abin da ta gani a wani fim na 1936 mai suna Things to Come. Shi dai sawa ya yi. Shekara ɗaya bayan nan, a taron Chicago na 1940, aka mayar da shigar ta zama gasa.

Sunan kuwa daga Japan ya fito. A Disamban 1975 aka fara kasuwar Comiket a Tokyo, inda matasa ke sayar da littattafan zane da suka yi da kansu, kuma ba a jima ba wasu suka fara zuwa cikin shigar jaruman da suke so. A 1983 wani marubuci, Nobuyuki Takahashi, ya yi rubutu a kansu a mujallar My Anime, ya haɗe kalmomin Turanci biyu, ta sutura da ta wasa, ya gutsure su irin yadda Japanawa suka saba, ya samar da "kosufure". Daga nan kalmar ta zaga duniya.

To ina gem ya shigo? Nan ne labarin ya fi daɗi, don jarumin gem yana da wata matsala da jarumin fim ba shi da ita. Kayan da ɗan fim ya sa, tela ne ya ɗinka su, mutum ya sa ya yi tafiya da su, saboda haka wani ma zai iya ɗinka irinsu. Shi jarumin gem ba a taɓa ɗinka masa ko aljihu ba. Zana shi aka yi don ya yi kyau a allo, kuma a cikin allo babu nauyi, babu zufa, babu ruwan kowa da yadda zai zauna a kujera.

A farkon zamani matsalar ƙarancin bayani ce. Ɗauki Mario, wanda ya fara fitowa a wasan Donkey Kong a 1981. Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya sa masa hula ne don motsa gashi a 'yan ɗigon allo na lokacin yana da wuya, ya sa masa gashin baki don a gane inda hanci yake ba tare da an zana baki ba, ya sa masa rigar kanikawa mai launi dabam don a ga hannayensa suna motsi. Wato shigar da duniya ta san Mario da ita, rashin ƙarfin na'ura ne ya haife ta. Wanda yake son ɗinka irin kayan Mario ko na Link na wasan Zelda na 1986, abin da ke allo ba zai ishe shi ba, sai ya koma ga zanen da ke jikin kwalin kaset da ɗan littafin da ke ciki. Bayan rigar fa? Sai dai ya ƙiyasta.

Da aka shiga shekarun 1990 sai abin ya juye. Street Fighter II ya fito a 1991 da Chun-Li, wadda kayanta suka fito sosai har tela zai iya bin su. A 1996 Tomb Raider ya zo da Lara Croft, kuma kamfanin Eidos da ke sayar da wasan ya riƙa ɗaukar mata haya suna yin shigarta a wuraren baje kolin gem. Nan kamfanoni suka fara gane cewa jarumi a tsaye da ƙafarsa talla ce mai ƙarfi. Sai kuma Final Fantasy VII a 1997, da jaruminsa Cloud Strife, wanda Tetsuya Nomura ya zana masa gashi tsaitsaye kamar ƙaya da wani takobi mai faɗi da ya kusa kai tsawonsa. A allo da hannu ɗaya yake wulwula shi. Ka ƙera shi da ƙarfe na gaske ka ga ko za ka iya yini da shi a kafaɗa! Ko ka iya ma ba za a bar ka ka shiga taro da shi ba, don masu shirya irin waɗannan taruka ba sa yarda da makamin ƙarfe. Comiket ma ta yi shekaru tana hana shiga da abin riƙewa da ya wuce santimita 30. Dole masu kosfile suka koma neman abin da zai yi kama da ƙarfe a ido amma ya zama sakayau a hannu: katako marar nauyi, kwali, bututun roba a tsakiya, soso a kewaye, fenti a sama.

Sulke ya fi takobi ba da wahala. Lokacin da Halo ya fito a na'urar Xbox a 2001, jaruminsa Master Chief a rufe yake ruf daga kai har ƙafa, babu inda keken ɗinki zai yi amfani. Masoyansa suka haɗu a intanet, suka kafa ƙungiyar da ake kira 405th, kuma abin da ya cece su wata manhaja ce ta Japan mai suna Pepakura Designer, wadda asali don masu yin 'yan siffofi da takarda aka yi ta. Aikinta shi ne ka ba ta siffar abu ta 3D, ta warware maka ita ta shimfiɗe a takarda kamar yadda ake warware kwalin taliya, kowane gefe da lambarsa. Sai ka buga a takarda mai kauri, ka yanka gutsattsari barkatai, ka manna lamba da lamba har kwalkwali ya tashi. Bayan nan a shafe shi da ruwan gam mai daskarewa, a ƙarfafa cikinsa da fayiba, a cike wajen da irin filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, a goge da sanfefa, a sake cikewa, a sake gogewa. Warin kayan nan yana da illa ga huhu, sai da abin rufe hanci na musamman kuma a fili. A ganina wannan ne babban sauyi a tarihin gaba ɗaya, don a karon farko ma'aunin kayan daga siffar jarumin ta kwamfuta yake fitowa, aka rage dogaro da ƙiyasin ido.

Sai dai sulken fayiba nauyi ne da shi, kuma idan ya faɗi yana iya tsagewa. Abin da ya karɓe ragama shi ne robar EVA, wadda duk mun san ta ko da ba mu san sunanta ba: irin robar da ake yin silifa da ƙasan takalmin gudu da tabarmar ɗakin motsa jiki da ita. Ana yanka ta da reza, a hura mata iska mai zafi ta lanƙwasa ta tsaya a haka, a manna da gam irin na masu gyaran takalmi. Wajen 2012 kuma wani abu mai suna Worbla ya bazu daga Jamus. Falle ne da ke laushi idan ya ji zafi kamar digiri 90, ya manne da kansa, ya ƙanƙare in ya huce, kuma shi ma asalinsa daga masana'antar takalmi yake. Svetlana Quindt, wadda aka sani da Kamui Cosplay, tana cikin waɗanda suka yaɗa shi da littattafai da bidiyon koyarwa. Kada a manta YouTube ya fara ne a 2005. Kafin nan dabara a hannun 'yan tsiraru take, bayan nan duk mai data ya zama ɗalibi.

Firintar 3D ta biyo baya. Aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, da ƙarewar wa'adin haƙƙin mallakar fasahar narka zaren roba a 2009, su suka karya farashin na'urar har ta shiga ɗakunan mutane. Yanzu mutum zai sauke fayil ɗin kwalkwali ya bar na'ura ta kwana tana aiki. Amma abin da ke fitowa da layi-layi yake fitowa, sanfefa da fenti na nan suna jira.

Su ma kamfanonin gem sun sauya hali. Blizzard ta sa gasar shiga a taronta na BlizzCon da ta fara a 2005, kuma da za ta fitar da Overwatch a 2016 ta saki takardun bayani kyauta ga masu kosfile, da hoton kowane jarumi gaba da baya da gefe, har da lambar kowane launi. CD Projekt Red ta Folan ta yi irin haka da Cyberpunk 2077, har da gasa a 2019 tun wasan bai fito ba. Matsalar nan ta "bayan rigar fa?" ta kau.

Wata kuma ta taso. Jarumi zai fito a Genshin Impact, ba a jima ba kayansa sun cika AliExpress daga masana'antun Chana, da hular gashi da takalmi, a farashin da wani lokaci bai kai kuɗin yadin da za ka saya ka ɗinka da kanka ba. Ni ban ga laifin wanda ya saya ya sa ya ɗauki hoto ba, ba kowa ke da wata uku na zaman yanka ba. Amma manyan gasa sun ja layi. Taron World Cosplay Summit, da aka fara a Nagoya ta Japan a 2003 kuma gasarsa ta soma a 2005, ya shar'anta cewa kayan su zama aikin hannun masu takara. Alƙalai sukan duba kayan kusa da kusa, su juya cikin riga su ga ɗinki, su nemi hotunan matakan aikin tun daga farko. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka, don jarumin na kamfani ne ko da kai ka ɗinka rigar. A farkon 2021 gwamnatin Japan ta ce tana nazarin yadda dokar ta shafi masu samun kuɗi da kosfile, maganar da ta tayar da hankalin masu harkar sosai.

A nan gida Najeriya, Lagos Comic Con da aka fara a 2012 yana da gasar shiga, haka ma Comic Con Africa da aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2018. Wanda ke son gwadawa, PUBG wurin farawa ne mai sauƙi, tunda jarumin da ke kan hoton wasan farar riga ce da nakatayi da wando, kaskon suyar kuma akwai shi a kicin. Kwalkwalin lebul 3 ɗin ne aikin. Ka shiga wasan ka ɗauki sikirinshot ɗinsa ta gaba da gefe da baya, ka auna kewayen kanka da tef ɗin tela ka ƙara 'yar tazara, ka fara gwada shi da kwali tukuna kafin ka sa reza a roba.