Tarihin Farfaɗo da Kalgo da Gawo a Gonakin Arewacin Kamaru

Gabatarwa

Kalgo da sabara ƙananan itatuwa ne da manomi ya saba gani a gonarsa har ya daina ɗaukarsu a bakin komai. A yankin Garwa da Pitowa, inda Fulatanci ne harshen kasuwa, ana kiran kalgo barkehi, gawo kuma caski. Da ɓawon kalgo ake ɗaure itace da dami, ganyen sabara magani ne, 'ya'yan gawo kuwa abincin dabbobi ne da rani. Amma a cikin ƙarni na ashirin waɗannan itatuwa suka yi ta ɓacewa daga gonaki. Tarihin dawowarsu ya nuna cewa kiyaye kututturen da ke ƙasa ya fi dasa sabon itace amfani.

Yadda Gonaki Suka Zama Fili

A farkon shekarun 1950 kamfanin Faransa mai suna CFDT ya yaɗa noman auduga a arewacin Kamaru, daga baya a 1974 aka kafa Sodecoton mai hedikwata a Garwa. Tare da auduga garmar shanu ta shigo, ita kuwa garma ba ta jituwa da kututture. Saboda haka aka koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka tumɓuke komai a cikinta. Bayan farin shekarun 1970 gwamnati ta buɗe kwarin Binuwai ga manoman da suka taso daga lardin arewa mai nisa, aka kuma kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982. Jama'a ta ƙaru, aka sare daji, aka daina barin gona ta huta, ga kuma buƙatar itacen girki a birnin Garwa.

Maganin da hukuma ta fara kawowa shi ne dashe. An ƙaddamar da shirin Sahel Vert a zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, aka dasa itatuwa irin su darbejiya. Sai dai dashe yana son ban-ruwa da shinge, kuma da yawa daga cikinsa ba ya tsallake rani na farko.

Darasin Maraɗi

A Maraɗi ta Nijar aka ɓullo wa lamarin ta wata hanya. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sassabe toho ne na kututture mai rai, wanda saiwarsa ta riga ta yi nisa cikin ƙasa. Dabarar ita ce manomi ya zaɓi 'yan rassa mafi ƙarfi ya bar su, ya sare sauran, ya rage musu ƙananan rassan gefe, sannan ya kare su daga wuta da awaki. Manoman Nijar suka raɗa wa wannan aiki suna sassaben zamani. A lokacin yunwar 1984 an ba da abinci ga masu yin sa, da abincin ya ƙare da yawa suka sare itatuwan, amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. Bayan shekara ashirin masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar.

Aikin Gawo a Kamaru

A 1994 aka fara shirin DPGT a ƙarƙashin Sodecoton. Ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne kiyaye gawon da ya tsiro da kansa a gona, musamman a ƙasar Tupuri. Ƙaramin gawo dai kurmi ne mai ƙaya da ke hana garma wucewa, shi ya sa ake sare shi. Shirin ya riƙa biyan manomi sefa 100, wato dala ashirin, a kan kowane gawo da ya raina, a rarrabe cikin shekara uku. Kuɗin kaɗan ne, amma ya tabbatar wa manomi cewa hukuma ta san itacen nasa ne. Ta haka aka kiyaye ƙananan gawo fiye da miliyan ɗaya, daga baya shirin ESA ya ci gaba da aikin.

Dalilin zaɓen gawo a bayyane yake: yana zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne dawa, ganyen kuma taki ne. Kalgo da sabara su ma suna tare ƙurar da iska ke ɗebowa. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa saiwar sabara tana janyo ruwa daga can ƙasa da dare, geron da ke kusa ya amfana.

Kammalawa

Babbar matsalar da ta rage a kwarin Binuwai ita ce mallakar ƙasa. Manomin da ya zo daga nesa, wanda gonarsa aro ce daga hannun masarauta, yana shakkar rainon itacen da ba shi da tabbacin zai ci moriyarsa. Inda manomi ya samu wannan tabbaci, aka kuma daidaita da makiyaya kan sassaƙar rassa, tohon kalgo da gawo kan girma ba tare da an sayi iri ko an ɗebo ruwa ba.