Cikakkiyar toshewar jijiyar zuciya

Cikakkiyar toshewar jijiyar zuciya ita ce cushewar ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya, har jini ya daina wucewa na wata uku ko fiye. Ƙananan jijiyoyin gefe sukan ci gaba da kai ɗan jini, shi ya sa mai ita ya fi jin ciwon ƙirji ko haki lokacin aikin ƙarfi, kamar noma.

Magani

Baya ga magungunan sha, hanyoyi biyu ne. A tiyatar kewaye ana buɗe ƙirji, a ɗauko jijiya daga ƙafa ko bangon ƙirji, a dasa ta ta tsallake toshewar. René Favaloro ya fara amfani da jijiyar ƙafa a Cleveland ta Amurka a 1967. A hanyar bututu kuwa, ana zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi, a huda toshewar da waya, a hura balan-balan, sannan a bar ragar ƙarfe da ake kira sitent. Andreas Grüntzig ya fara aikin balan-balan a Zurich a 1977.

Bututu ya fi saurin warkewa, kuma yana rage ciwon ƙirji, sai dai tsohuwar toshewa tauri gare ta, wani lokaci wayar ba ta ratsawa. Tiyata ta fi dacewa idan jijiyoyi da yawa sun lalace, musamman ga mai ciwon suga.

A arewacin Najeriya

Majiyyaci daga Dandume ko Funtua akan tura shi asibitin koyarwa na Zariya ko na Kano don ganin likitan zuciya. Wanda aka sa wa sitent dole ya riƙa shan maganin hana jini daskarewa na watanni ba tare da fashi ba, domin yankewa na iya sa sitent ɗin ya toshe farat ɗaya.