Gajiyar ƙarfe a mahaɗar ramukan injunan haidrolik

Gajiyar ƙarfe ita ce tsagewar da ke cin ƙarfe sannu a hankali idan ana ɗora masa nauyi ana saukewa, ko da nauyin bai kai ya karya shi lokaci guda ba. Tana samun injunan haidrolik, wato masu aiki da matsin mai, irin su tifofin da ke kwasar yashi daga Gulbin Maraɗi ta wajen Tibiri, da taraktocin noma a Jiratawa, da katafila masu gyaran hanya.

Wani wurin da take kamawa shi ne dunƙulen ƙarfen da ke rarraba mai. Ana huda shi da ramuka, wani ya ratsa wani, domin mai ya samu hanya. Inda ramuka biyu suka haɗu sai a samu baki mai kaifi, kuma nan ƙarfin matsin ke taruwa. Tun 1898 injiniyan Jamus Ernst Kirsch ya nuna cewa zagayayyen rami ɗaya a farantin ƙarfen da ake ja yana ninka jan da ke bakinsa sau uku. Manyan injuna kuwa suna aiki da matsin bar 200 zuwa 350, kuma duk ɗaga bodi da saukewa matsin ya hau ya sauka. Bayan dubban ɗaruruwan irin wannan, tsaga ta buɗe daga ciki, inda ido bai gani. Kafin mai ya fara tsattsafowa waje, ta riga ta yi nisa.

Masana'antu suna goge kaifin mahaɗar, wasu kuma su matsa dunƙulen sau ɗaya da matsi mai tsanani, dabarar da aka gada daga ƙera igwa, don ƙarfen cikin ramin ya zauna a takure.

A garaji, abu biyu ke jawo asara. Ɗaya shi ne ɗaure bawul ɗin kariya don motar ta ɗaga lodin da ya fi ƙarfinta. Ɗayan kuma walda: tana rufe bakin tsagar a waje, tushenta na nan ciki. Canza dunƙulen ya fi.

Kada a laluba yoyo da hannu, a sa kwali. Siririn mai da ke fitowa da matsi yana huda fata, kuma raunin na buƙatar tiyata cikin gaggawa ko da ya yi kama da tsirar ƙaya.